Hura murhun itace a cikin gida lokacin zafi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da murhun ƙarfe na itace a falo, irin mai ƙofar gilashi da bututun hayaƙi da ya fita ta rufi, kuma duk tsawon sanyi bai taɓa ba ka matsala ba. Yanzu da zafi ya shigo, wani daren idan gari ya yi sanyi bayan ruwa kakan so ka hura shi, amma kana ƙyasta ashana sai hayaƙi ya dawo ya turnuƙe ɗakin, kuma ko babu wuta yakan riƙa wani irin wari. Kana so ka san ko murhun ne ya lalace, ko kuwa dama ba a hura shi a wannan lokaci.

Ga dukkan alamu murhunka lafiyarsa ƙalau. Irinsa nake amfani da shi shekara da shekaru, kuma nakan hura shi da zafi jefi-jefi. Ba laifi ba ne. Sai dai yadda ake yi wa wutar sanyi ba haka ake yi wa ta zafi ba, kuma dawowar hayaƙin da ta dame ka ita ce ƙaramar matsalar. Babbar tana gaba, zan zo kanta.

Bututun nan ba shi da fanka. Abin da ke ɗaga hayaƙi sama shi ne iskar cikinsa ta fi ta waje zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi, sai ta tashi ta ja wata daga ƙasa. Da sanyi, ɗaki yana digiri 20 waje yana kusa da sifili, tun kafin ka sa wuta bututun yana ja da kansa. Da zafi lamarin yakan juye. A ce waje ya kai digiri 30, cikin gida 24, bututun kuma na bulo ne ko yana ɓangaren inuwa ya kwana da sanyi. Iskar da ke cikinsa ta fi ta waje nauyi, don haka gangarowa take yi, ta fito ta bakin murhu. Idan akwai na'urar sanyaya ɗaki a kunne abin ya ƙaru. Idan fankar kicin ko ta banɗaki tana fitar da iska waje, gidan zai nemi inda zai rama abin da ya rasa, kuma babu ƙofar da ta fi masa sauƙi irin bututunka.

Kana iya gani da idonka. Buɗe ƙofar murhun babu wuta, ka ƙyasta ashana ka riƙe ta a bakin. In harshen wutar ya karkata ciki, bututun yana ja. In ya kwanto wajenka, ko ka ji sanyi-sanyi a bayan hannunka, to iska saukowa take yi, kada ma ka ɓata itacenka tukuna.

Maganinsa ba wuya. Kashe duk wata fanka mai fitar da iska, ka buɗe tagar da ta fi kusa da murhun. Nannaɗe tsohuwar jarida ta yi tsawo, ka kunna bakinta, ka ɗaga ta can sama cikin murhun daidai inda hayaƙi ke fita, minti ɗaya ko biyu. Za ka ga lokacin da abin ya juya: hayaƙin da ke yawo ya miƙe ya shige, har ka ji ɗan huci a bututun. Wasu da na'urar busar da gashi suke yi, duk ɗaya ne. Sannan ka jera itacen a juye, manya a ƙasa, ƙirare a sama, ka kunna daga sama. Zafin farko yana tafiya kai tsaye cikin bututu, wutar tana cin ƙasa a hankali, hayaƙin ma kaɗan ne. Ka bar ƙofar a ɗan buɗe na 'yan mintoci, kana tsaye a wurin, kafin ka rufe. Lokaci ma yana da tasiri. Da asuba ko bayan dare ya yi nisa, sa'ad da waje ya huce, abin ya fi sauƙi ƙwarai a kan la'asar.

In ka yi duk wannan hayaƙi ya ƙi tafiya, dakata, kada ka yi ta ƙara takarda. Akwai abin da ya toshe. Watannin da aka daina hura wuta su ne daidai lokacin da tsuntsaye ke neman wurin sheƙa, kuma bututu marar hula ya yi musu. Rina ma takan yi gida a ciki. A samu wanda zai leƙa daga sama. Idan akwai ƙwai ko 'ya'ya a sheƙar, a ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka doka ta hana a taɓa sai sun tashi, ko ba doka ma haƙurin 'yan makonni ba ya kashe kowa. Bayan nan a sa hula mai raga.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Matsakaicin murhun ɗaki yana fitar da zafi kamar kilowat 5, wato wat 5,000. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da kimanin wat 100. Ke nan murhun yana ci sosai tamkar ka tara mutum hamsin ne a falonka ka rufe ƙofa. Da sanyi wannan ni'ima ce. Da zafi, minti ashirin ya isa gumi ya fara keto maka, kuma a nan ne hannu ke zuwa kan mashigar iska da kansa: a rufe ta, a shaƙe wutar don ta rage zafi. Kusan kowa haka yake yi, kuma babu abin da ke lalata bututu kamarsa.

Hayaƙi makamashi ne da bai ƙone ba. Wutar da ke ci balbal tana ƙone mafi yawansa tun a cikin murhu. Wadda aka shaƙe kuwa dafa itacen kawai take yi, tana tura hayaƙi mai kauri da tururi cikin bututun da bai yi zafi ba. Da zarar hayaƙin ya huce ƙasa da kamar digiri 120, sai ya daskare a jikin bututun ya zama baƙin danƙon nan da ake kira kiriyosot. Da farko kunkunniya ce mai laushi, buroshi yana share ta. Daga baya ta zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras. In aka ci gaba sai ta koma kamar kwalta mai sheƙi, wadda buroshi ba ya ko karce ta. Abin da ya sa nake tsoron wutar zafi shi ne ba a ganin illarta a lokacin. Danƙon yana nan zaune har sanyi ya dawo, ka cika murhu ka hura babbar wutar farko, sai ya kama. Gobarar cikin bututu tana haura digiri 1,000, tana ruri har ƙarfen ya riƙa rawa, tana fasa bulo, tana kama katakon rufi. Masu sharar bututu sukan ce in kaurinsa ya kai milimita 3 a share, kuma a duba bututu aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba a yi amfani da shi sosai ba.

Wutar da aka shaƙe kuma ita ce mai yawan fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta a kan iskar oksijin da muke shaƙa fiye da sau 200. Ka haɗa wannan da bututun da jansa ba shi da ƙarfi: wuta ta mutu ta bar garwashi, bututun ya huce, iska ta sake juyowa cikin dare kowa yana barci. Alamunta ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya, waɗanda da zafi kowa zai ce ai rana ce ta buge shi. Saboda haka ƙararrawar gano wannan iska ba ado ba ce, a saye ta a rataye a ɗakin da murhun yake, wata kuma kusa da inda ake kwana. Ni dai da zafi ba na kwanciya in bar garwashi a ciki. In mutum biyu a gida suka fara ciwon kai lokaci guda, suka fita waje suka ji sauƙi, a fitar da kowa, a nemi asibiti.

To yaya za a rage zafin? Da yawan itace ake rage shi, ba da iska ba. Faskare uku ko huɗu sirara, waɗanda ba su fi kaurin hannu ba, na itace marar nauyi mai saurin ci. Manyan guma-guman itace mai tauri a ajiye wa sanyi. A bar iska a buɗe, wutar ta ci da haske na kamar minti arba'in zuwa awa ɗaya, kada a ƙara, a bar ta ta cinye kanta. Ƙarfen zai ci gaba da ba da ɗumi bayan ta mutu, kuma ɗumin nan shi kake nema dama. In kana da ma'aunin zafi mai maganaɗisu da ake mannawa a jikin bututu, ka nemi allurar ta zauna tsakanin digiri 120 da 250. In babu, fita waje bayan minti goma sha biyar ka ɗaga kai. Wuta mai kyau ba ka ganin komai a bakin bututu sai iska tana ɗan kaɗawa. In baƙin hayaƙi ko ruwan toka ke fita, ko gilashin ƙofar ya fara yin baƙi, wutar tana neman iska ne ko itacen ɗanye ne.

Maganar ɗanyen itace kuwa, da zafi aka fi faɗawa tarkonta, domin busasshen bara ya ƙare, sai wanda aka sare bana. Sabon itace kusan rabinsa ruwa ne. Wanda ya dace da murhu ruwansa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, har ma a Ingila tun 2021 aka hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri. Mai laushi yakan bushe a wata shida zuwa shekara, mai tauri har shekara biyu. Buga guda biyu da juna: busasshe yana ƙara ƙwal-ƙwal, ɗanye dum. In kana da na'urar auna laima, faskara itacen ka auna tsakiyarsa, bayansa yaudara ne. In ka ji yana tsuwa a wuta, kumfa na fita ta gindinsa, cire rai. Kuma kada a ce wuta ce ƙarama a jefa katako mai fenti, ko leda, ko a yayyafa kananzir.

Warin da kake ji ba wuta, kiriyosot ɗin bara ne ya sha laima, iskar da ke saukowa tana kawo maka shi. Turare ba zai yi komai ba. Shi ya sa na fi son a share bututu a farkon zafi maimakon a jira bakin sanyi, lokacin da masu sharar ma ba sa samuwa. A kwashe tokar tas, domin tana jan laima, ita ke cin ƙarfe da tsatsa. Bayan an share, a bar mashigar iska a ɗan buɗe don cikin ya riƙa shan iska. In aka yi kwanaki ana ruwa, gajeriyar wuta mai zafi tana busar da shi, a nan kam hurawar ma amfani take yi. Tunda murhun a sanyaye yake, gwada igiyar da ke zagaye da ƙofar: sa takarda ka rufe a kanta ka ja. In ta zame ba gardama, igiyar ta mutu, a canja. Wanda ya sayi sabon murhu ma yanzu ne lokacin yi masa ƙananan wutar farko, fentinsa ya gama ƙauri tagogi a buɗe.

Toka a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje, nesa da bango da busasshiyar ciyawa, domin garwashi yana kwanaki da rai a cikinta. In yankinku hukuma ta hana hura wuta saboda fari ko gurɓatar iska, ka bincika ko hanin ya shafi murhun cikin gida. Ka tuna da maƙwabta kuma. Da sanyi kowa ya rufe tagarsa, da zafi a buɗe suke kwana, shanyarsu tana waje, wataƙila akwai mai asma ko jariri. In kuwa niyyarka girki ne kullum ba ɗumin dare ɗaya ba, gaskiya ban ba ka shawarar yin sa a falo ba, ka nemi wuri a waje ƙarƙashin rumfa.

Ka fara da gwajin ashanar nan yau da la'asar, ka sake gobe da asuba, ka ga bambanci. In har da asuba ma harshen wutar yana kwantowa wajenka, ga taga a buɗe ga fankoki a kashe, to sai mu duba bututun kansa. Yawancin masu ƙera murhu suna son tsawonsa ya kai mita 4.5, kuma bakinsa ya ɗara duk abin da ke kusa da shi a rufin. Ka auno mana tsawon naka, ka faɗa mana lanƙwasa nawa ke jikinsa, da kuma ko ta cikin gida ya bi ko ta bayan bango.