Gwaggo, kuɗin zaman likita na neman haɗa ni faɗa da maigida

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Makka nake rubuto miki, nan wajen Shara Mansur. Wallahi abin ya ishe ni. Tun da Allah ya karɓi Innata bara bayan ƙaramar salla barci ya ƙaurace mini. Sai in kwana ido biyu har assalatu, da rana kuma jikina kamar an yi mini duka. Tukunya na kan wuta, ni ina tsaye ina hawaye. An yi mini ruƙiyya, na sha zamzam, na shafa man habbatussauda, amma nauyin ƙirjin nan yana nan.

Ƙanwata ce ta kama mini lokaci ta Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya. Asibitin unguwa suka tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, na jira kusan wata biyu. Ranar da na shiga ko minti goma ban yi ba. Idonsa na kan kwamfuta, ya yi tambayoyinsa, ya rubuta magani. Da na koma, wani likitan na tarar, na sake ɗauko labarin Inna tun daga farko, shi ma minti goma. Gwaggo, yaya mutum zai zazzage cikinsa a minti goma?

Sai wata ƙawata ta haɗa ni da wata mai sauraron masu damuwa a asibitin kuɗi. Riyal 400 kowane zama. Ita kam ta saurare ni, kusan awa guda, da na fashe da kuka ba ta dubi agogo ba. Ƙwayoyin nan ma na ajiye su, dama sati uku ina sha ba abin da na gani sai tashin zuciya. Na je sau biyar.

To maigida ne ya ce atafau. Wai ga na kyauta, ni kuma zan riƙa zubar da riyal 1,600 a wata a kan hira. Hira fa ya ce, Gwaggo! Na sayar da 'yan kunnena na gwal na biya zama biyu, bai sani ba. Uwar mijina kuwa in ta ji, cewa za ta yi saura a kai ni Shihar, asibitin masu taɓin hankali. Ni ba mahaukaciya ba ce, a saurare ni kawai nake so. In koma na minti goma, ko in ci gaba da sayar da abin hannuna? Wai hira!

'Yarki a Makka

Wa alaikumussalam 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta.

Ba zan ɗauki ɓangare tsakaninki da mijinki ba, kowa da gaskiyarsa. Amma akwai maganar da kika wuce ta da gudu, ita ta tsaya mini a rai: kin ajiye magani. Wa ya ce ki ajiye? Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, tashin zuciyar kwanakin farko kuma sananne ne, yakan lafa. Kin yi shuka, kin tone kafin tsiro ya leƙo. Yanke su kwatsam ma kan kawo jiri da ƙarin rashin barci. Kin faɗa wa matar da kike biya riyal 400? Ina zargin ba ki faɗa ba. In mai aikin sauraro ce, wadda ake ce wa akhsa'iyya nafsiyya, ba ta rubuta magani, kuma in ta san aikinta, wurin likitan za ta fara mayar da ke.

Aiki biyu kika haɗa kika sa su kishi. Likita yana duba ciwo da magani, shi ya sa zamansa gajere ne. Zaman magana fanni ne daban, kuma asibitocin gwamnati na lafiyar ƙwaƙwalwa su ma suna da masu yin sa. Ki koma, ki ce kin tsayar da magani rana kaza saboda kaza, ki nemi a haɗa ki da mai zaman magana, ki roƙi a bar ki da likita ɗaya. Kafin lokacin ya zo, ki kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, ko 920033360 na cibiyar ƙasa ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba ki ce mini 'yar ƙasa ce ke ko mai igama (takardar izinin zama) ba. In maigida a kamfani yake aiki, ku duba inshorarsa, don tana iya ɗauke muku wani abu daga kuɗin nan.

Shi kuwa maigida, bai kyauta ba. Matar da ta shekara ba ta barci, ta samu wurin da ta yi kuka ta ji sanyi, ba a ce mata hira take. Ku rage zaman ya koma sau ɗaya a wata in aljihu bai kai ba, amma kada a yanke shi.

Ku kuma masu karatu, musamman iyaye mata: ku daina tsorata yara da Shihar. Asibiti ne a Ɗa'ifa, marasa lafiya ake dubawa a cikinsa kamar kowane asibiti. Da wannan baƙar magana kuke sa 'ya'yanku su ɓoye ƙwayoyi a ƙasan akwati, su sayar da gwal a asirce. Mai ciwon suga yana addu'a yana kuma yin allurarsa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

'Yata, maganar 'yan kunnen nan ki faɗa wa mijinki da bakinki, a daren nan, kafin ya ji a waje. In kin koma wurin likita ki sake rubuto mini.

Gwaggonki