Me ya sa Bature ke rufe wasiƙa da ɗumi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a Ingila. Malamar da ke duba aikina kullum tana rufe saƙonta da "warm regards". Sannan kwanan baya na yabi wani malaminmu a gaban abokan karatu, na ce "he is a very cold man", ina nufin mutum ne mai sanyin hali, sai na ga kowa ya yi tsit. Ina na kuskure? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Nahawunki bai da aibu, ma'anar ce ta kife. Abin da suka ji shi ne kin ce malamin ba shi da fara'a, ba ya sakin jiki da mutane, kusan dai marar tausayi.

A Hausa sanyi alheri ne. Mukan ce ɗa sanyin idon iyayensa, mukan ce labari ya sanyaya mana rai. Ingilishi kuwa ya tashi ne a tsibirin da sanyi ke takura wa mutane. A Landan, cikin Janairu, ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 5. A ganina shi ya sa a bakinsu ɗumi ne abin nema. "Warm welcome" tarba ce ta hannu bibbiyu, "warm smile" murmushi ne da ya fito daga zuci, "a warm person" mutum ne mai haba-haba da jama'a. Wanda aka yi wa "cold shoulder" kuwa, an share shi ne da gangan.

Kada ki raina nauyin waɗannan kalmomi biyu. A 1946 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya karanta wa ɗalibai jerin halayen wani mutum: mai basira, mai ƙwazo, mai taka-tsantsan da sauransu. Kalma ɗaya tak ya sauya, wasu suka ji "warm", wasu suka ji "cold". Na farko suka ɗauke shi mai kyauta da raha, na biyu suka ɗauke shi akasin haka. Duk lokacin da nake koyar da wannan darasi sai na kawo labarin nan, domin na sha ganin ɗalibi mai kyakkyawar niyya ya ɓata wa wanda yake girmamawa suna da kalmar nan guda, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Wajen zafi mun fi dacewa da su. "Hot-tempered" shi ne mai zafin rai, "heated argument" gardama ce da ta yi zafi. Sai dai ki kiyayi cewa wani ko wata "is hot", domin a maganar yau da kullum ana nufin mai tayar da sha'awa. Idan zafi ne ya dame ki, "I feel hot" ya fi tsabta.

"Lukewarm" ruwa ne mai ɗumi-ɗumi, amma idan aka ce an karɓi shawararki da "lukewarm response", to ba a yi na'am da ita da karsashi ba. "Cool" kuma fuska biyu gare ta: "keep cool" na nufin kwantar da hankali, "a cool reception" kuwa tarba ce ta ciki-na-ciki.

Game da malamarki, "warm regards" alama ce mai kyau. Ta fi "yours sincerely" kusanci, ba tare da ta zubar da girman aiki ba, kuma babu laifi ki mayar mata da irinta. Shi kuwa malamin da kika yaba, ki koma wurin abokan karatun nan ki ce musu "calm" ko "gentle" kike nufi, ki kuma gaya musu yadda sanyin hali yake a harshenki.