An nemi in riƙa zuwa ɗalibai suna koyon aiki da hannuwana: in amince?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 54. Na daɗe ina fama da amosanin gaɓoɓi irin wanda ake kira rumatoyid, har yatsuna sun fara karkacewa. Likitan da ke duba ni ya tambaye ni ko zan yarda, a matsayin aikin sa kai, in riƙa zuwa ɗaliban likitanci da na jinya da na gashin ƙashi suna koyon duba gaɓoɓi a jikina. Na ce zan yi shawara. Gaskiya ba na son a mayar da ni abin kallo, ina kuma tsoron kada yawan taɓawa ya tayar mini da ciwon. Ni da ban karanta likitanci ba, me zan koya wa wani? Idan kuma na ƙi, ba zai shafi kulawar da ake ba ni ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don hankalinki ya kwanta: ƙin amincewa haƙƙinki ne, kuma ƙa'idar aikin likita ba ta yarda a rage wa mara lafiya kulawa don ya ƙi shiga harkar koyarwa ba. Ko kin amince yau, gobe kina iya cewa kin fasa, ba sai kin kawo dalili ba.

Amma idan shawarata kike nema, ki karɓa, da sharaɗin ki shiga a matsayin mai koyarwa. Akwai bambanci tsakanin a kwantar da ke a gado ɗalibai goma su kewaye ki malami yana nuna hannunki yana magana kamar ba kya wurin, da kuma ki zauna da ɗalibi biyu ko uku ke ce ke cewa "a'a, ba nan ba ne, matso da yatsanka gaba kaɗan." Na farkon shi ne abin kallon da kike gudu, kuma ina bayanki a kan gudunsa. Na biyun tsari ne da ya daɗe. A 1963 wani likitan jijiyoyi a Amurka, Howard Barrows, ya fara horar da masu lafiya su kwaikwayi marasa lafiya domin ɗalibai su gwada a kansu. Dabarar ta yi amfani, sai dai tana da iyaka: mai kwaikwayo zai iya ɗingishi, zai iya yamutsa fuska, amma ba zai iya kumbura gaɓarsa ba. Shi ya sa a farkon shekarun 1980 Jami'ar Arizona ta koma horar da masu amosanin na gaske su koyar, su kuma auna ƙwazon masu koyo. A shekarun 1990 wani shiri mai suna Patient Partners, wanda ya taso daga cibiyar likitanci ta Jami'ar Texas da ke Dallas, ya bazu zuwa Kanada da Ostireliya da ƙasashen Turai. An sha gwada ɗaliban da irin waɗannan majinyata suka koyar da waɗanda likitoci suka koyar. A yawancin gwaje-gwajen sakamakon ya zo kusan ɗaya, ko da yake akwai inda na likitocin suka ɗan fi.

Kin ce me za ki koya wa wani. Abin da ya fi wahalar koyarwa a fanninmu shi ne abin da yatsa ke ji. A rumatoyid garkuwar jiki ce ke afka wa siririn tantanin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, sai ya yi kauri ya tara ruwa. Idan an latsa shi za a ji taushi kamar jiƙaƙƙen soso. A wani nau'in amosanin gaɓoɓi kuwa, wanda guringuntsi ke zaizayewa, kumburin yatsa ƙashi ne, tauri gare shi, kuma ya fi fitowa a gaɓar da ke kusa da farce. Wannan bambanci layi biyu ne a littafi, amma ɗalibin da bai taɓa jin su da hannunsa ba zai iya kammala makaranta yana rikita su. Ni malami ina tsaye a gefe, abin da nake gani kawai shi ne ɗalibi ya ɗora yatsu a kan gaɓa. Ke kaɗai kika san ko ya sami tsagin gaɓar ko a kan ƙashi yake dannawa, ko ya matsa da ƙarfin da ya dace ko shafa kawai ya yi don tsoron kada ya ji miki ciwo. Yawancinsu, a gaskiya, tsoron ne ke hana su koyo, kuma ba mai cire musu shi sai mai hannun.

Sannan akwai abin da ba a latsawa a ji. Ɗalibi ya haddace cewa sanƙarewar safiya a rumatoyid takan wuce rabin awa, wani lokaci ta kai awowi, alhali a nau'in zaizayar guringuntsi takan saki da wuri. Bai san me hakan ke nufi ga wadda za ta ɓalle maɓalli ko ta murɗa makulli ko ta riƙe kofi da sassafe ba. Bai san gajiyar da ke zuwa da cutar ba, wadda sau da yawa majinyata ke cewa ta fi zogin damunsu. Akwai wani gajeren tsarin duba gaɓoɓi da aka fitar a Birtaniya a 1992, ana kiransa GALS, wanda ke bin tafiya, hannuwa, ƙafafu da ƙashin baya. Da tambaya uku yake farawa: kana jin ciwo ko sanƙarewa a tsoka, gaɓoɓi ko baya? Kana iya sa tufafinka da kanka? Kana iya hawa da sauka a matakala? Ɗalibai kan karanto su kamar karatun allo. Ranar da mutum irinki ya ba su amsa ta gaske, daga ranar suke fara sauraro. Ɗaliban jinya su ma suna buƙatar sanin yadda ake tayar da mai irin wannan ciwo ba tare da an fizgi hannunsa ba, masu harhaɗa magunguna kuma su ga da idonsu yadda murfin kwalba ke gagarar karkatattun yatsu.

Wani zai ce ai asibiti cike yake da marasa lafiya, me ya sa sai an nemi 'yan sa kai? Tun da methotrexate ya zama ginshiƙin maganin rumatoyid daga shekarun 1980, aka kuma samu sabbin alluran da ke daidaita garkuwar jiki daga ƙarshen shekarun 1990, masu cutar da ake kwantarwa sun ragu sosai a inda magungunan ke samuwa. Ganin likita kuma 'yan mintoci ne, ba sararin koyarwa. Ga shi cutar ba ƙarama ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke da rumatoyid, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne, masu nau'in zaizayar guringuntsi kuwa sun kai miliyan 528. Rumatoyid kuma cuta ce da ke son a cafke ta a watannin farko, kafin ta fara cin ƙashi, domin abin da ta ci ba ya dawowa. Mai fara ganin irin wannan majinyaci galibi ba ƙwararren gaɓoɓi ba ne, ƙaramin likita ne ko ma'aikaciyar jinya, wato irin waɗanda za su zauna a gabanki.

Yanzu batun tsoronki. Dubawa ta hankali ba ta lalata gaɓa, ba ta kuma ƙara wa cutar gudu. Abin da takan jawo shi ne tsami da gajiya na yini ɗaya ko biyu idan hannu ya yi yawa a gaɓa ɗaya, don haka ki tambayi yawan ɗaliban da tsawon zaman tun kafin ki amsa, ki kuma nemi a sa hutu a tsakani. Ki zaɓi hantsi ko bayan azahar, lokacin da jiki ya saki. Ranar da ciwon ya motsa, gaɓa ta yi zafi ta kumbura, ki aika cewa ba za ki zo ba, ba laifi ba ne.

Abu biyu ne nake so ki riƙe da ƙarfi. Na farko wuya. Rumatoyid da ya daɗe yakan sassauta jijiyoyin da ke riƙe ƙasusuwa biyu na saman wuya, kuma mutum na iya samun haka bai sani ba. Kada ki bar kowane ɗalibi ya kama kanki ya juya ko ya lanƙwasa. Idan ana son ganin motsin wuya, ke za ki motsa da kanki iya inda kika ji daɗi, kuma ki tambayi likitanki tun farko ko ya ga ya dace a sa wuyan cikin darasin ma. Na biyu, idan kina shan methotrexate ko prednisolone ko kina karɓar alluran nan, garkuwarki ta yi ƙasa. Kowa ya wanke hannu a gabanki, mai mura ko tari kuma ya haƙura da darasin ranar. Faɗin haka ba rashin kunya ba ne, yana cikin abin da suka zo koya.

Sauran sharuɗɗan na mutunci ne, kuma ke ce mai gindaya su. Ki faɗi sassan jikin da kika yarda a duba. Mutane da yawa hannu da gwiwa kawai suke bayarwa, kuma ya wadatar. Kina iya neman a samu ma'aikaciya mace a ɗakin, ko ki ce ɗalibai mata kaɗai. Ba hoto, ba bidiyo, sai da izininki a rubuce, an kuma gaya miki inda za a yi amfani da shi. Labarin rayuwarki ma iya abin da kika ga dama za ki bayar. Ki tambaya ko za a ba ki horo kafin ki fara, domin shirin da ya san abin da yake yi yakan koya wa ɗan sa kai sunayen gaɓoɓi da matakan dubawa da yadda ake yi wa ɗalibi gyara. Inda aka ce babu horo, babu kuma damar ki yi magana, to wancan zama abin kallon ne da na ce ki guje masa. Ki tambayi batun kuɗin mota kai tsaye, wasu makarantu suna biya, wasu har da ɗan alawus, wasu ba sa ba da komai.

Ki sani kuma za ki ji ana ambaton karkacewar yatsunki da sunayen likitanci, wani lokaci a yi maganar inda cutar kan kai mutum. Wasu hakan na ƙara musu fahimtar jikinsu har su fi iya magana da likitansu, wasu kuma yana sosa musu rai. Shi ya sa nake ba da shawarar ki nemi ki halarci zama ɗaya kina kallo kawai, ko ki gwada sau ɗaya da ɗalibai biyu, kafin ki ɗaura wa kanki alkawari. Kuma wannan zama ba ya maye gurbin ranar ganin likitanki: duk abin da ɗalibi ya faɗa game da maganinki, kada ki canza komai sai kin ji daga bakin mai duba ki.