Me ya sa yawan ƙwai bai hana 'ya'yan tarwadarka lalacewa ba?

Malam, ka ce tarwada ɗaya na ba ka dubban ƙwai, amma 'ya'yan da kake ƙyanƙyasawa sai ƙara rauni suke, wasu ma da lanƙwasasshen baya. Ina zargin adadin iyayen ne ya yi kaɗan.

Bambancin ƙwayoyin gado, wato abubuwan da 'ya'ya ke gada daga iyaye, yana bin adadin iyayen da suka haihu, ba adadin ƙwai ba. A daji tarwada mai yawo ce. Da damina tana bin ambaliya ta shiga fadama ta yi ƙwai, tana shaƙar iska, har takan ja ciki kan jiƙaƙƙiyar ƙasa zuwa wani kududdufi. Jini na ta gauraya ke nan. Akasinta ƙananan kifayen duwatsu na Tafkin Malawi: uwa na renon 'yan ƙwai kaɗan a bakinta, kuma ba sa son ratsa fili mai yashi, shi ya sa rukunin wannan dutse kan bambanta da na wancan.

A wurin ƙyanƙyasa kuwa, sai an farka cikin namiji ake samun maniyyinsa, don haka mutane kan wadatu da guda ɗaya. Daga baya a zaɓi manya cikin 'ya'yansa a mayar da su iyaye. Wa da ƙanwa ake haɗawa fa! Wannan kuskuren yana damuna ƙwarai.

Ka yawaita maza da mata, ka samo su daga wurare daban-daban, ka riƙa rubuta asalinsu. Amma gurɓataccen ruwa da ƙarancin abinci mai gina jiki su ma suna lanƙwasa baya, saboda haka ka tuntuɓi masana a cibiyar binciken kifi ta New Bussa su duba maka.