Na sa SSD a laftop ɗina, yanzu Windows na cewa in yi aktibet

Tambaya: Salam malam, daga Jos nake. Laftop ɗina HP ce tokumbo, na kai wa wani mai gyara ya cire tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) ya sa min sabuwar ma'ajiya irin ta SSD ya ƙara RAM, sannan ya sake zuba Windows. Yanzu ga rubutu nan a ƙasan sikirin wai "Activate Windows", shi kuma ya ce in ƙaro kuɗi ya sa min kirak, wato manhajar da ke aktibet ɗin Windows ta bayan fage ba tare da lasisi ba. Shin lasisina ya tafi da tsohon hadis ɗin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, lasisinka bai bi hadis ba, kuma don Allah kar ka biya ko sisi a kan kirak tukuna.

Tun zamanin Windows 8 a 2012 kamfanoni irin su HP da Dell suka daina manna ki, wato lambar lasisin Windows, a bayan kwamfuta, suna binne shi ne a cikin madabod, babban allon da ke cikin na'urar. A Windows 10 da 11 kuma Microsoft na ajiye shaidar na'urarka a sabarsu, to da zarar ka hau intanet sai su gane ta su aktibet da kansu. Madabod suke kallo, ba hadis ba ba RAM ba.

Abin da na fi zargi, kuma wallahi kullum shi nake gani, lasisin laftop ɗinka na nau'in Windows Home ne, mai gyaran kuwa ya zuba maka nau'in Pro, don yawancin masu gyara filashi ɗaya gare su kowa ya zo shi za a zuba masa. Lasisin Home ba ya buɗe Pro. Shiga Settings ka nemo Activation ka ga wanne aka sa, ka kunna data ka danna Troubleshoot. In ya ƙi, a sake zuba Home kawai.

Akwai kuma tokumbo da suka fito daga ofisoshin Turai da lasisin kamfani irin na KMS, wanda sai an sabunta shi duk kwana 180 daga sabar kamfanin, laftop ɗin kuma tana Jos ina za ta ga sabar? Buɗe cmd (Command Prompt, wurin rubuta wa Windows umarni) ka rubuta slmgr /xpr, zai nuna maka ko na dindindin ne ko mai ƙarewa. In ma sitikar Windows 7 ce a ƙasan laftop ɗin, tun Satumba 2023 Microsoft ta rufe wannan ƙofar, wannan ki ɗin ba ya aktibet ɗin Windows 10 kuma.

Kirak ɗin nan shi ne ya fi damuna, don galibi kafin a sa shi sai an kashe Defender, manhajar da ke kare Windows daga bairos, kai kuma a kan kwamfutar nan kake shiga banki da imel.

In ta aktibet, haɗa ta da asusunka na Microsoft a ranar, saboda in madabod ya ƙone wata rana lasisin da ka saya da kuɗinka zai iya bin ka zuwa sabo, amma wanda ya zo da na'urar galibi tare suke mutuwa.