Amsa: "Umarni aka ba ni" ba ya wanke soja

Malam, tambayarka ita ce: idan soja ya harbe farar hula ya ce umarnin na gaba da shi ya bi, laifin wa ne? Na su biyun ne. Tun shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙi karɓar wannan uzuri. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wato ICC, ta ce a sashe na 33 umarnin da haramcinsa ya fito fili ba kariya ba ne. Sashe na 28 kuma ya kama kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, amma bai hana ba, bai hukunta ba.

Inda abin ke ci mini rai shi ne aiwatarwa. Dubi ƙauyen My Lai a Vietnam, ranar 16 ga Maris, 1968: sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan ƙauyawa, galibi mata da yara da tsofaffi. Aka rufe maganar fiye da shekara guda. Mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftanar William Calley, kuma ɗaurin rai da rai da aka yanke masa ya ƙare a ɗaurin talala na kimanin shekara uku da rabi.

Amma a ranar nan ce matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya sauka tsakanin 'yan uwansa sojoji da mutanen ƙauyen, ya kwashe waɗanda ya iya. Shi ma kakin ne a jikinsa, kuma ya ƙi.