A ɗinke gilashin ido ko a maƙala shi ba ɗinki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarun baya wani mai maganin gargajiya ya tura wa mahaifina yanar idonsa ciki da tsinke. Yanzu likita ya ce jakar cikin ido da ake zaunar da gilashin roba, mai maye gurbin yanar, ta lalace, sai an kafe shi jikin farin ido, da ɗinki ko ba ɗinki. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Irin wannan muna yawan ganinsa a Arewa.

Ɗinki shi ne tsohuwar hanya. Ana ɗaure hannuwan gilashin biyu, wato siraran maƙalai da ke gefensa, da zaren roba da ya fi gashin kai siranta, a ƙulle shi jikin farin ido, a binne ƙullin. Gilashin yakan zauna daram. Matsalar ita ce zaren mai lamba 10-0 kan tsinke bayan shekaru, gilashin ya karkace ko ya faɗa cikin ido, shi ya sa likitoci da dama suka koma 9-0 mai ɗan kauri, ko wani zaren roba mai ƙarfi da ake kira Gore-Tex. Aikin ma yana cin lokaci, kuma ƙullin da ya leƙo waje ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

A hanyar da ba ɗinki, ana cusa hannuwan ne cikin naman farin idon. Dokta Amar Agarwal na Indiya ya shahara da rufe wurin da gam ɗin da ake haɗawa daga sinadaran jini. Wadda ta fi tashe yanzu ita ce ta Dokta Shin Yamane na Japan, da aka wallafa a 2017: a zaro hannun gilashin ta cikin siririyar allura, a kusanto da zafi bakinsa ya narke ya yi ɗan kai kamar na ƙusa, a tura shi ya maƙale. Ya fi sauri, raunin kaɗan ne. Amma sai da gilashin da aka ƙera hannuwansa daban aka haɗa masa, kuma allurar nan ta ɗan kauce, gilashi ya zauna a karkace.

Wajen gani, kusan kunnen doki suke. Ga dattijo, tsoron tsinkewar zare bai kai na yaro ba, mai shekaru masu yawa a gaba. Ni da nawa uban ne, tambayar likitan zan yi wacce hannunsa ya fi sabawa da ita, in bi ta. Kafin nan a auna ƙarfin ruwan idon, a duba bayansa da kyau, don aikin tsinke kan bar hawan ruwan ido ko kumburi, kuma idan jijiyar gani ta riga ta taɓu, babu gilashin da zai dawo da ita.